Labarin Dorugu da Gidan Ubansa

'Yan'uwa, ya kamata mu waiwaya baya, mu tuna da waɗanda suka riga mu. Sarakunan Damagaram da na Gobir suna da maroƙa masu riƙe sunayen kakanninsu. Amma talakan ƙauye, in ya mutu, jikokinsa ma da wuya su san inda gonarsa take. Ga labarin wani gida na talakawa wanda bai ɓace ba.

Wajen shekara ta 1840 aka haifi wani yaro, Dorugu, a Dambanas, wani ƙauye na ƙasar Damagaram. Ubansa manomi ne, makaɗi ne kuma. Zaman ƙauye a lokacin nan kusan irin wanda iyayenmu suka sani ne. Da damina a shuka gero da dawa da wake, da kaka a cika rumbu. Makaɗi kuwa yana da daraja, gama ran gayya shi ne ke sa samari su kama fartanya da ƙarfi.

Abu guda ya hana su barci, wato hari. Sarkin Damagaram yana kai wa Shehun Barno gaisuwa, bayi kuwa suna cikin abin da a ke kaiwa. Wani Bature ɗan Ingila, James Richardson, ya sauka Zinder a farkon 1851, ya rubuta yadda ya ga ana shigo da mata da yara waɗanda aka kamo daga ƙauyuka. Irin wannan masifa ce ta faɗa wa gidan makaɗin nan. Aka fara kama uwar Dorugu. Daga baya shi ma aka kama shi, aka kai shi Zinder, sa'an nan aka wuce da shi Kukawa, aka sayar.

A Kukawa wani Bajamushe, Overweg, wanda a ke kira Tabib, ya 'yanta shi tare da wani yaro ɗan Margi mai suna Abbega. Da Tabib ya mutu a 1852, sai suka koma hannun abokinsa Dokta Barth, wato Abdulkarim. Suka bi shi har Tambutu, suka komo, suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, suka isa Ingila a 1855.

A can akwai wani mai bishara, Schön, wanda ya daɗe yana fama da koyon Hausa tun tafiyar da ya yi a kogin Kwara a 1841. Ya karɓi yaran a gidansa. Dorugu yana magana, Schön yana rubutawa. Ya ba shi tatsuniyoyi da kalmomi, ya kuma ba shi labarin kansa tun daga gonar ubansa. A cikin shekarun nan aka buga Linjilar Matiyu da Hausa, a 1857. Littafin nan kuwa da jerin kakanni ya fara. Labarin Dorugu ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885.

Dorugu ya komo ƙasar Hausa a 1864. Da tsufansa ya koyar da boko a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa ta Kano, a can kuma ya rasu a 1912. Shekara goma sha biyu bayan wannan, a 1924, mishan ta fara aiki a Zinder, garin da aka shigar da shi yana bawa. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Kamar Yusufu, an sayar da shi da mugun nufi, Allah kuwa ya juya abin ya zama alheri ga mutane da yawa.

Ku duba fa. Yara nawa aka kama a ƙasar nan a zamanin Dorugu? Duk suna da uwa da uba da ƙauye. Amma makaɗin Dambanas ne muka sani, domin ɗansa ya faɗa, wani kuma ya rubuta.

Saboda haka kowane mai karatu a cikinmu yana da aiki. Ka je wurin tsoho ko tsohuwar gidanku tun suna da rai. Ka tambayi sunan kakanku da na ubansa, da sana'arsu, da kufan da suka taso, da dalilin tashinsu, ko yunwa ce ko yaƙi. Ka tambayi ma'anar zanen da ke fuskarsu. In an ce kakanku bawa ne, kada ka ji kunyar rubutawa, gama a gaban Allah ɗa da bawa ɗaya ne. Ka rubuta duka, ka ajiye wa 'ya'yanka, domin su san hanyar da Ubangiji ya bi da gidanku.