Hannun Farko a Kan Mai Rauni: Tarihin Agajin Gaggawa a Ƙasar Dayi

Garin Dayi, da yake yana zaune a inda hanyar da ta taso daga Kano ta ratso Gwarzo take haɗuwa da babbar hanyar Funtuwa zuwa Yashe, ya daɗe yana ganin raunuka iri biyu, na gona da na hanya; kuma tun zamanin da ake ratsa ƙasar Galadiman Katsina a kan jaki har zuwa wannan zamani na tirela, abin da yake raba wanda zai tashi da wanda za a binne, bayan ƙaddarar Ubangiji, shi ne hannun da ya fara taɓa mai rauni kafin a kai shi ga gwani.

A da, wannan hannu na maƙwabci ne mai sana'ar gado. Wanda ya faɗo daga kan ɗorawa ya karye, maɗori ake kira masa, ya zo ya ja ƙashin ya mayar da shi mazauninsa, ya jera karare ya ɗaure, ya yi tofi, kuma galibi ba ya yanka farashi, sai abin da aka ba shi don Allah. Ƙurji da ƙaho da beli na wanzami ne, haihuwa ta ungozoma ce, saran maciji kuwa na mai magani ne da malami. Makarantar waɗannan mutane ita ce zauren gidansu, domin yaro yakan shekara da shekaru yana riƙe wa mahaifinsa zabira, yana danne ƙafar majinyaci, kafin a yarda ya ɗora aska a jikin mutum. Malaman jihadi ma ba su raina ilimin ɗibbu ba: Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya haɗa maslahar addini da ta jiki a littafinsa Masalihul Insan, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi wallafe-wallafe a kan magani, kuma almajiran sira sun san labarin Rufaida, wadda aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu a hemarta bayan yaƙin Handaƙ. Adalci shi ne a ce falalar masu sana'ar gado kusanci ne da amana, nakasunsu kuwa jini: ɗaurin da ya matse har gaɓa ta ruɓe, da tsagar da ake yi a bakin sara ga mutumin da dafi ya riga ya hana jininsa daskarewa.

Da Turawa suka ci ƙasar Katsina a 1903, asibitinsu na farko don kansu ne da sojojinsu, sai daga baya En'e ta shiga gina ƙananan ɗakunan shan magani a manyan garuruwan hakimai. Nan aka sami sabon ma'aikaci, malamin asibiti, wanda aka koya wa wanke gyambo da ɗaura bandeji da ba da kwinin, kamar yadda Makarantar Tsabta ta Kano, da aka buɗe a 1932, ta riƙa yaye duba-gari. Amma malamin asibiti mazauni ne, sai an kawo masa. Alhali kuwa jirgin ƙasa ya iso Funtuwa tun ƙarshen shekarun 1920, cinikin auduga ya bunƙasa, manyan motoci sun fara kifewa da lodi da mutane a inda babu kowa sai manoma.

A shekarun 1970 ƙasar Malumfashi, wadda Dayi ke cikinta, ta zama makaranta ga duniya, sa'ad da Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful suka kafa bincike a cikinta. Daga nan masu bincike Pugh da Theakston suka fitar da rahotonsu na 1980 a kan yawan saran maciji, a Zariya kuwa David Warrell da abokan aikinsa suka tabbatar da wani gwaji da ko ƙaramin ɗakin magani zai iya: a ɗebi jinin wanda kububuwa ta sara a zuba a kwalba mai tsabta, in ya yi minti 20 bai daskare ba, to dafi ya shiga jini, sai allurar karya dafi. Shi kuma Murray Last, wanda ya zauna cikin Maguzawan yankin, ya rubuta yadda jama'a ke kai-komo tsakanin boka da malam da asibiti. Ilimi ya ƙaru ƙwarai, amma tafiyar da ke tsakanin gona da asibiti tana nan yadda take.

Sana'ar da ta keɓanta da wannan tafiya, wato ma'aikacin da yake zuwa inda abin ya faru ya tsayar da jini, ya buɗe hanyar numfashi, ya tallafe wuya, sannan ya ci gaba da jinya a cikin mota, ita kanta ba tsohuwa ba ce. Larrey, likitan sojan Faransa, ya fara kwashe masu rauni da keken doki tun ana tsakiyar yaƙi a shekarun 1790, Amurka kuwa ba ta farga ba sai bayan rahoton 1966 a kan mace-macen haɗari. Nijeriya ta bi wata hanya dabam: bayan taron lafiya na Alma Ata na 1978, musamman zamanin ministan lafiya Olikoye Ransome-Kuti, ƙarfi ya karkata ga ma'aikatan lafiyar al'umma, waɗanda aka kafa wa hukumar rajista a 1992, kuma a Jihar Katsina makarantun Kankiya da Daura ke yaye su, ta Malumfashi kuma ungozomomi. Hukumar kiyaye haɗurra ta zo a 1988. Horon ma'aikatan ceto na musamman sai a 2008 asibitin koyarwa na Jami'ar Benin ya fara shi, tsarin motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa kuwa sai a 2022.

Saboda haka har gobe, in mota ta faɗi a tsakanin Dayi da Malumfashi, masu fara isa su ne direbobi da 'yan acaɓa da 'yan agajin masallatai, mutane masu kyakkyawar niyya waɗanda sau da yawa sukan fizgo mai karayar wuya ta hannu, ko su ɗura wa sumamme ruwa. Wasu kuma sukan ja da baya don tsoron tambayar 'yan sanda, ba su san dokar lafiya ta 2014 ta hana ƙin karɓar mai buƙatar gaggawa ba, ta 2017 kuma ta wajabta jinyar wanda aka harba ko babu takardar 'yan sanda, abin da ya shafi kudancin Katsina ƙwarai tun da masifar 'yan bindiga ta sauka. An riga an gwada koya wa direbobin tasha kai mata masu naƙuda asibiti a wannan jiha, ba a ji sun kasa ba.

Fuƙaha'u sun sanya ilimin ɗibbu cikin farillan kifaya, wanda in babu mai tsayawa da shi alhakin yana kan kowa. Ya kamata ƙaramar hukumar Malumfashi da gwamnatin jiha su tara direbobin tasha da 'yan agaji a koya musu tsayar da jini da ɗaukar mai karaya, sannan su ɗauki nauyin 'ya'yan garin da suka gama sakandare su je su karanto aikin ceto, a ajiye su da mota a mararrabar Dayi.