Daga kwaryar hatsi zuwa asusun jinya: wa ke ɗaukar nauyin ciwon ajali?

 Tunda bikin cikar shekara lokaci ne na waiwaye, muka ga ya dace mu waiwayi abin da ya fi komai cinye jarin 'yar kasuwa, wato doguwar jinya, irin wadda likita zai ja mutum gefe ya ce a koma gida a ci gaba da addu'a. Ciwon daji, ciwon ƙoda da ya kai ga wanki, shanyewar ɓarin jiki. Allah ya kare mu. Wa ke ɗaukar wannan nauyi a da, wa ke ɗaukarsa yau?

A zamanin kakanninmu jinya ba ta kuɗi ba ce sosai, ta jiki ce da abinci. Gida babba ne, gandu ɗaya, rumbu ɗaya. Idan maigida ya kwanta, ƙannensa da 'ya'yansa su nome gonar, in aikin ya fi ƙarfinsu a kira gayya. Mata su raba kwana a ɗakin majinyaci. Mai zuwa dubiya ba ta zuwa hannu sake, ko da fura ce ko kwaryar gero. Wanzami da mai magani kuwa sau da yawa da hatsi ko kaza ake sallamarsu.

Bayan dangi akwai zakka. A daular Usmaniyya hukuma ce ke karɓarta, ɗaya cikin goma na amfanin gonar damina. Mara lafiya ba ya cikin rukuni takwas da aka ambata da suna, amma wanda ciwo ya talauta ya zama fakiri, wanda ya ci bashi don magani ya shiga sahun masu bashi, duka biyun kuwa suna da haƙƙi. Mu lura da kalmar: haƙƙi ne, ba roƙo ba. Mata ma ba a bar su a baya ba. 'Yan taru na Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ba karatu kaɗai suke yi ba, taimakon marasa lafiya da gajiyayyu na cikin abin da aka hore su da shi. In ana neman uwar ƙungiyoyi irin tamu, to ga ta nan.

Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, sai suka haɗe zakka cikin haraji, ta koma abin da mutum zai fitar da kansa in ya ga dama. Asibitocin En'e suka zo, daga baya na gwamnati, kuma iyayenmu sun shaida lokacin da ake ba da magani a asibiti ba tare da an zazzage aljihu ba. Abin ya juya ne daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu. Darajar naira ta faɗi, asibiti ya koma miƙa wa mutum takarda ya je kemis ya sayo. Tun daga nan jinya ta zama lissafi: kuɗin gado, kuɗin gwaji, kuɗin jini, har safar hannu. Ita kuwa mace me take da shi? Akuya, kwanukan jere, 'yan kunnen gwal, sai jarin da ke kan tebur. A jere suke tafiya, jarin ne na ƙarshe.

Gwamnati ta yi yunƙuri, ba za mu ce ba ta yi ba. An kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka fara aiki da ita a 2005, sai dai ma'aikatan tarayya ta fara ɗauka, masu albashin da za a cira daga ciki. Mai sayar da daddawa ba ta da albashi. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ita ma galibi ta mai albashi ce, amma waɗanda mazajensu ke aikin tarayya ko babban kamfani su riƙe wannan da kyau: idan likitoci suka tabbatar ciwo ya hana ma'aikaci aiki, yana iya yin ritaya ya taɓa kuɗin fanshonsa ko bai kai shekara 50 ba. In ya rasu yana bakin aiki, akwai inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, ban da abin da ya tara. Gidaje da yawa ba su san da wannan ba, wasu kuma sunan magajin da ke cikin fayil ya tsufa, an rubuta shi tun kafin aure.

Namu rabon ya zo a makare. A nan Kano an kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, aka yi dokar asusun taimakekeniyar lafiya na jiha a 2016, wanda mai sana'ar hannu ma za ta iya shiga ta riƙa zubi. A 2021 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun tallafa wa masu ciwon daji marasa ƙarfi, na mama da na bakin mahaifa da wanda ke kama maza a ƙasan mafitsara, a asibitoci shida, cikinsu har da na Shika a Zariya da na Gombe da na Abuja. A 2022 kuma sabuwar doka ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta tanadi asusun masu rauni. A takarda abin ya yi kyau. A aikace kuwa layi ne, da jira, da je ki dawo, kuma duk waɗannan ƙofofi takarda suke nema: rahoton likita, katin ɗan ƙasa, wani wurin har da shaidar mai unguwa. Shi ya sa muke matsa wa juna zuwa ajin yaƙi da jahilci. Wadda ta iya karanta fom ba a saurin sallamarta daga bakin taga. Manyan asibitoci kuma suna da ofishin da ke duba lamarin marasa galihu, a tambaya, ba abin kunya ba ne.

Akwai abin da ba ma son faɗa a gaban majinyaci, alhali addini bai ɓoye shi ba. Wanda ke ciwon ajali, kyautarsa da wasiyyarsa ba sa wuce sulusin dukiyarsa. Bayan rasuwa a fara da hidimar jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sannan gado. Ma'ana, kuɗin da mace ta ranta wa mijinta don magani, in da niyyar rance ta bayar kuma akwai shaidu, bashi ne da za a fitar mata kafin a zo kan tumuninta. Mata nawa suka sayar da komai, aka gama takaba suka tashi ba jari, don kawai sun ji nauyin a rubuta? Wallahi rubutawar ba rashin ƙauna ba ce.

Adashi ya daɗe yana rufa mana asiri, kuma kowa ta san yadda uwar adashi kan ja kwasar mai jinya gaba. Amma adashi zubi yake so, mai kwana a asibiti kuwa ba ta kasa kaya ba balle ta zuba. Wannan giɓin ne ya sa muka ware asusun jinya daban da na rance, wanda ba a biya kuma ba a bin kowa. Muka haɗa da jiran tebur: in 'yar uwa tana jinya, maƙwabciyarta a layi ta sayar mata, don kada masu sayenta su watse.

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin magani ya haura, abin da asusun ke bayarwa bai kai inda yake kaiwa a da ba. A taro mai zuwa za a tattauna ƙara zubin wata, da kuma ko za a riƙa ci gaba da tallafa wa mai jinya har ta fita takaba. Kowa ta zo da katinta da shawararta.