Waiwaye Kan Koyar da Lokutan Aikatau na Turanci a Makarantun Arewa

Lokacin da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, da Hausa ake ba da karatu. Turanci sai yaro ya yi nisa. Haka aka ci gaba a makarantun elementare, sai an shiga midil ake cin karo da shi gadan-gadan. Waɗanda rabonsu ya tsaga suka wuce Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, inda su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. Ɗalibai 'yan kaɗan ne, masu koyar da Turancin kuma Turawa ne, saboda haka kunnen yaro kan sha harshen safe da yamma tun kafin a kai shi ga ƙa'ida.

Ita ƙa'idar da hadda ake ɗaukarta. A rubuta jerin aikatau a allo, aji ya ɗauka baki ɗaya: go, went, gone. Wannan bai zo wa mutanenmu da baƙunta ba, domin wanda ya yi zaure ya riga ya saba juya fi'ili daga madi zuwa mudari'i a darasin sarfu. Daga baya littattafai irin su Brighter Grammar na Eckersley da Macaulay suka zaunar da tsarin: a ba ka sunan lokaci da ma'anarsa, a bi ka da aikin gida.

Daga shekarun 1950 iska ta juya. Ra'ayin su Harold Palmer da A. S. Hornby ya bazu, cewa da maimaita ginin jimla ake kama harshe, ba da haddar sunayen lokuta ba. Sai teburin musanya kalmomi ya cika littattafan firamare: a cire wannan suna a sa wancan, aikatau yana nan, aji yana rerawa. Rahoton Grieve na 1964 kuma ya sa hukumar WAEC ta sake fasalin jarrabawar Turanci, tambayoyin zaɓi suka samu gindin zama. Malami kuwa abin da jarrabawa ke tambaya shi yake koyarwa. Da haka darasin lokuta ya koma cike gurbi, yaro ya iya zaɓen has gone daga cikin amsoshi, amma a ce ya rubuta wa kawunsa wasiƙa sai lokutan su cakuɗe masa tun a layi na uku.

Shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976 ya buɗe ƙofa ga 'ya'yan talakawa, kuma alheri ne babba. Sai dai azuzuwa sun cika maƙil, an ɗebo malamai cikin gaggawa, kunnen da ya taimaki 'yan Katsina babu shi. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa a shekarun farko na firamare kafin a koma Turanci, amma ba a tanadi abin da zai ƙetarar da yaro daga wannan gaɓa zuwa waccan ba.

A nan ne nake ganin an yi babbar asara, kuma abin yana damuna. Duk hanyoyin nan an tsara su kamar yaro ya zo aji da kai fanko, alhali ya zo da cikakken tsari a bakinsa. A Hausa ba jikin aikatau ke ɗauke da lokaci ba, 'yar kalmar da ke gabansa ce: ya tafi, zai tafi, yakan tafi. Abin da ya fi damun Bahaushe kuma shi ne ko aikin ya kammala ko yana kan gudana. Ranar da aka yi shi, sai a bar wa "jiya" ko "gobe" su faɗa. Shi ya sa muke cewa "yanzu yana cin abinci", mu kuma ce "jiya da na zo yana cin abinci", da "yana" guda ɗaya. Turanci bai yarda da haka ba, dole is ya koma was. Yaron da ya rubuta yesterday he is eating ba daƙiƙi ba ne, nahawun gidansu ya bi daidai wa daida. Haka ma "ya zo" ɗaya tak ta ishe mu, a inda Bature ya raba he came da he has come. Wannan rabuwar ce ke kayar da ɗalibai har jami'a, jan biro kuma bai taɓa gyara ta ba, tunda ba ya faɗa wa yaro inda ƙafarsa ta zame.

Kayan aikin kuma suna nan a gida. M. K. M. Galadanci ya fitar da littafinsa na nahawun Hausa tun 1976, ana kuma koyar da shuɗaɗɗen lokaci da lokaci mai ci da na sabo a ajin Hausa. Sau da yawa a makaranta ɗaya ake yin darussan biyu, ƙararrawa ɗaya ce tsakaninsu, amma malamin Hausa da na Turanci kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Da aka fara zancen koyar da harshe ta hanyar hira da sadarwa a shekarun 1980, an sake aro tsarin da aka yi domin ƙananan azuzuwa, sai ya tsaya a takardar manhaja. Malamai da yawa dai sun gano mafita da kansu: idan aji ya yi tsit, sai su sauke murya su bayyana da Hausa, suna yi suna ɗari-ɗari kamar masu laifi. Ya kamata kwalejojin horar da malamai su ɗauki wannan dabara su gyara ta, su koya wa mai shirin koyar da Turanci yadda zai jera "yana" da is da was a allo ɗaya, tun daga aji huɗu na firamare.