Hasumiya da Ganuwa: Yadda Damagaram Ta Kare Birninta

Masu nazarin gine-ginen yaƙi sukan auna ganuwar ƙasar Hausa da ma'aunin Turai, su ce ta gaza tunda ba ta dogara da hasumiyoyi ba. A ganina wannan hukunci bai duba aikin da hasumiya take yi ba.

A katangun Turai, irin na Karkason a Faransa, hasumiya takan turo waje daga jikin bango don maharba su riƙa harbin duk wanda ya laɓe a gindinsa yana haƙa ko kafa tsani. Daga baya magina suka fi son mai zagaye, domin masu haƙa ta kusurwa suke fara karya gini. Dutse ne ya ba su wannan dama.

Maginan Zinder, babban birnin Damagaram, da tubali da laka suka yi aiki. Ginin ƙasa mai tsawo da siranta ba ya jure damina, kowace shekara sai an sake yaɓe. Saboda haka ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye Birni, wato tsohon garin Zinder, da ita a shekarun 1850 ƙarfinta a kauri yake: gindi mai faɗi, tana tsukewa har sama, tsawonta wajen mita 10, da ƙofofi bakwai. Abokin gabar da ake jira ma daban ne. Ko ta gabas ya ɓullo, ta hanyar Borno da ta ratsa Gidimuni, ko ta kudu, mahayin doki ne, doki kuwa ba ya hawa bango. Dole ya nemi ƙofa, nan aka zuba dabara. A Kano, misali, an shigar da wasu ƙofofi cikin lungu, yadda mai tunkararsu zai sha harbi dama da hagu daga kan badala. Aikin hasumiya ke nan, ba tare da an gina ta ba. Tanimun ya ƙara da igwa, wadda maƙeransa suka zuba a cikin garin.

Sojojin Faransa ba su gwada ƙarfin ganuwar ba. A 1899 Sarki Amadu Kuran Daga ya fita ya tare su a Tirmini, aka ci shi a fili, suka shiga Birni ba tare da sun yi masa ƙawanya ba.