FruityLoops: Manhajar da Manyan Makaɗa Suka Raina

A watan Disamba na 1997, wani ƙaramin kamfani a ƙasar Beljiyam mai suna Image-Line ya fitar da wata manhaja da Didier Dambrin ya rubuta, aka raɗa mata suna FruityLoops. Fitowarta ta farko ko sauti ba ta iya yi da kanta, sai dai ta aika wa wata na'urar umarni. Amma tsarinta mai sauƙi ne: jerin ƙananan maɓallai a gaban kowace ganga, inda duk mutum ya danna, nan bugun zai faɗi. Ba sai ya iya piyano ba.

Wannan sauƙin ne ya jawo mata raini. A wancan zamani, ƙwararren mai haɗa kiɗan hip hop a Amurka da na'urar Akai MPC yake aiki, a sutudiyon da ake biya da awa. Su FruityLoops a wurinsu abin wasan yara ce, sunan ma bai taimaka ba. A 2003 aka mayar da ita FL Studio, bayan kamfanin Kellogg's, mai abincin karin kumallo na Froot Loops, ya ƙalubalanci rajistar sunan a Amurka.

A shekarar ce kuma 9th Wonder ya haɗa wa Jay-Z kiɗan "Threat" da ita. Sai 2007, lokacin da Soulja Boy, yaro ɗan shekara 16, ya fito da "Crank That", wadda ya haɗa da wannan manhaja, ta kuma yi mako 7 a saman jerin Billboard Hot 100. Daga nan masu rainin suka fara rage murya.

Akwai abin da ba a cika son faɗa ba: satar fasaha ta taka babbar rawa a yaɗuwarta. Kwafin da aka fasa ya riƙa yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta, ya isa hannun yaran da ba su da kuɗin saye. Kamfanin kuwa ya riƙe alkawarinsa cewa wanda ya saya sau ɗaya zai riƙa samun sabon zubi kyauta har abada, dabarar da ta jawo da dama daga cikin yaran nan suka biya bayan sun samu.

Tasirin bai tsaya a Amurka ba. Kaurin nan mai girgiza ƙirji na amapiano, wanda 'yan Afirka ta Kudu ke kira "log drum", sauti ne da ke ajiye cikin Fruity DX10, wani ɗan sashe na FL Studio.