Yadda Za A Kare Sola Da Wayoyin Wuta Daga Ɓarnar Tsuntsaye A Yola Da Jimeta

Da yawa daga cikin 'yan uwa mazauna Legas, Sabon Ibadan da Fatakwal sun gina gidaje a Jimeta ko Yola, sun sa sola, sun bar wa iyali. Sai a bugo waya a ce batir ba ya cika, ko fis ya ƙone. Sau da yawa tsuntsaye ne sanadi.

A garuruwan gaɓar teku irin na Ingila, tsuntsayen teku ne ke wannan ɓarna. A nan kuwa, kogin Binuwai da tafkin Geriyo na janyo balbela, ga hankaka, shirwa da tantabara, ga jemagu da dare.

Yadda ɓarnar ke faruwa

Tsuntsun da ya sauka a kan waya ɗaya ba abin da ke samunsa. Amma in fukafukansa suka haɗa waya biyu, ko waya da ƙarfen falwaya, sai wuta ta yi tartsatsi, fis ɗin taransfoma ya tashi, unguwa ta shiga duhu. Hankaka kan haɗa sheƙa har da guntayen waya, da damina kuma jiƙaƙƙiyar sheƙa na ɗaukar wuta.

A kan farantin sola, ƙananan gidajen da ke ciki a jere suke haɗe. In kashi ya rufe ɗaya, wutar layin ta ragu, wurin kuma ya riƙa zafi har ya lalace, balle a Maris da Afrilu da zafin Yola ke haura digiri 40. Tantabaru kuwa ƙarƙashin faranti suke sheƙa.

Abin yi

1. A zagaye gefen faranti da ragar ƙarfe, a maƙale ta ba tare da huda farantin ba.
2. A saka wayoyin waje cikin bututun roba, a toshe kafofin akwatin mita.
3. A wanke faranti da sassafe da ruwa da tsumma mai laushi. Ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi na iya tsaga shi. Da hunturu a yawaita, saboda ƙura.
4. A daina shanya hatsi ko zubar da ragowar abinci kusa da wurin.
5. Faifan CD ko mutum-mutumi na korar su na 'yan kwanaki ne kawai, sai sun saba.

Gargaɗi

Taransfoma da layukan 11kV da 33kV na kamfanin YEDC ne, mai rarraba wuta a Adamawa, Taraba, Borno da Yobe. Irin wannan wuta na iya tsallakowa ta kama mutum tun bai taɓa waya ba. Don Allah a ja wa yara kunne, kar su zunguri sheƙa da gora ko ƙarfe. In an ga sheƙa a falwaya, ko reshe na gogar waya, a kai rahoto ofishin kamfanin mafi kusa.