Kumfar Iska a Tarihin Tiyatar Zuciya

Na yi shekaru ina yi wa mutane allura a Gayam, cikin ƙasar Birnin Gwari. Duk sa'ad da na zuƙo magani, sai in ɗaga sirinji sama, in ƙwanƙwasa shi da yatsa har kumfar iska ta taru a baki, in fesar da ita. Wata tsohuwa ta taɓa ce mini, "Ɗana, ai ɓarnar magani kake yi." Na ce, "A'a Iya, iska nake kora."

'Yar kumfar da ta shiga jijiyar hannu, galibi huhu kan tare ta har ta narke. A tiyatar zuciya kuwa babu mai tare ta. Ana tsayar da zuciya, a janye jini ta tiyo zuwa injin da zai yi aikin huhu, sannan a mayar da shi cikin babbar jijiyar da ke shayar da ƙwaƙwalwa. In kumfa ta bi nan, sai ta toshe ƙananan jijiyoyi, mutum ya farka da shanyewar ɓarin jiki, ko ma ya ƙi farkawa.

Ran 6 ga Mayu 1953 John Gibbon ya fara cin nasara da irin wannan inji a Filadelfiya ta Amurka, inda ya ɗinke huda a zuciyar wata budurwa 'yar shekara 18. A 1955 Richard DeWall da Walton Lillehei suka yi abin da likitoci ke gudu: suka hura oksijin cikin jini da gangan har ya yi kumfa. Sai suka kashe kumfar da silikon, suka bi da jinin ta wani tiyo mai murɗe-murɗe, kumfa ta taso sama, jini ya gangara ƙasa. Arhar wannan inji nasu ce ta yaɗa shi a duniya. Daga shekarun 1980 aka koma injin da ke raba jini da iska da siririn tantani, aka ƙara matata da na'urar da ke kuka in ta ji kumfa.

A Najeriya, a Asibitin Koyarwa na Inugu aka fara wannan tiyata a 1974, a hannun Farfesa Fabian Udekwu tare da Magdi Yacoub.

Manoman fadamarmu sun san in ba a cika tiyo da ruwa ba, injin ban-ruwa iska zai sha. Haka mai kula da injin zuciya yake cika tiyonsa da ruwan dirif, yana bubbugawa gaɓa-gaɓa, kafin a haɗa shi da mutum. Daga nan idonsa ba ya barin ma'ajin jini, domin in ya ƙafe, famfo iska zai tura.

Na ga yaran da ciwon maƙogwaro ya lalata wa ƙofofin zuciya, iyayensu suna sayar da hatsi da shanu don neman tiyata. Ina roƙon gwamnonin Arewa, in za a sayo inji, a fara horar da wanda zai zauna a gabansa.